An Haɗa Ajina da na Kangwa

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Dakta Simukonda ya kira ni ofishinsa. Shi ne shugaban sashenmu, mutumin da ko mutuwa zai sanar da kai sai ya fara tambayarka ko ka sha shayi. Ya ɗaura sabuwar taye mai ruwan hanta, yana ta shafa ta kamar kyanwa.

Ya ce, har da "Ba" ɗin girmamawa a gaban sunana, "Ba Chileshe, kin dai san halin da ake ciki."

Na ce ban sani ba.

Ya ce to, saboda halin da ake cikin, an yanke shawarar haɗa Sashen B da Sashen A a shafin karatu na kwaleji. Darasin Hanyoyin Koyar da Lissafi zai koma aji guda, ni ce malama. Wai na ɗan lokaci ne. Na tambaye shi wa ya yanke. Ya ce an yanke. Tun ina da baƙin gashi nake koyarwa a nan Kabwe, har yau ban taɓa cin karo da wannan "an" ɗin a baranda ba.

Sashen A nawa ne. Sashen B na Kangwa ne, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. An ce ya ɗan nisanci harabar kwaleji har kwamiti ya gama zamansa, gidansa kuwa a cikin harabar yake. Matarsa ta kwashe yara ta tafi Ndola. Tun ranar Juma'a yana gidana, a ɗakin 'yata Musonda, tunda ita tana makaranta a Lusaka.

Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Talata, 4 ga Fabrairu, da rana

Na je wajen Mwiinga, yaron da ke kula da kwamfutocin kwaleji. Waya uku gare shi, ba ya ɗaga ko ɗaya. Yana magana kamar a ɗakin uwarsa aka ƙera intanet.

"Madam, abu ne mai sauƙi. Shafinki zai zama uwa, nasa ya zama ɗa. Sai a zuba ɗan cikin uwar."

Na ce, "A garinku haka ake haihuwa?"

Bai yi dariya ba. Ya danna nan, ya danna can, ya ce an gama. Na leƙa, sai ga sunaye sun cika shafin har ƙasa, a can sama kuma an rubuta malamai: C. Mwamba, K. Mwamba. Na ce ya cire na biyun. Ya ce ba shi da izini sai magatakarda ya rubuto. Na ce to ya mayar da komai yadda yake. Ya ce ai in an haɗa an haɗa.

Ina fitowa aka ɗauke wuta.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da safe

Duk aikin da 'yan Sashen B suka miƙa tun farkon zango ya ɓace. Mwiinga ya ce bai ɓace ba, yana tsohon shafin, tsohon shafin kuma ya rufe. Wato akuyarka ba ta ɓata ba, tana dai cikin rijiya.

Wayata ba ta huta ba. "Madam aikina." "Madam makina." "Madam don Allah." Waɗannan su ne za su koya wa 'ya'yan mutane lissafi, amma ba mai iya rubuta jimla guda ya sa mata aya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Lakca ta farko da su duka. Zauren ya yi mana kaɗan, wasu a kan tagogi, wasu a ƙasa, rufi na zuba a kusurwar da ya saba zuba tun zamanin shugaban da ya gabata. Ba wanda ya ce su zauna haka, amma 'yan A sun yi dama, 'yan B sun yi hagu, sun bar hanya a tsakiya kamar dangin ango da na amarya.

Na rubuta sunana a allo. Ina kaiwa Mwamba wani ya yi tari a hagu. Wani ya amsa masa. Na juyo na tsaya ina kallonsu har tarin ya warke.

Bana Joyce, wato maman Joyce, mai buga takardun sashenmu, ta riga ta raɗa mini sunan yarinyar da ta kai ƙarar Kangwa tun jiya, ba tare da na tambaya ba. Bana Joyce ba ta jiran tambaya. Nchimunya Hachilensa. Da na kira suna ta ɗaga hannu daga layin ƙarshe. 'Yar siririya, tabarau kamar gindin kwalba, rigar sanyi ruwan ƙasa da ta fi ƙarfinta.

Wannan? A kan wannan ake ta tada jijiyar wuya?

Na wuce suna na gaba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na dawo na tarar Kangwa ya cinye naman da na ajiye na Lahadi. Yana kwance a doguwar kujera yana kallon ƙwallo. Ya ce, "Yaya, maƙiya ne. Tun da aka ba ni kula da jarrabawa suke neman kaina."

Na ce ya sauke ƙafarsa daga kan matashina.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Matan zumunta sun biyo ni gida, wai addu'a. Su huɗu, da zannuwan chitenge iri ɗaya. Idonsu a rufe, amma Bana Mapalo ta bar ɗaya a buɗe tana leƙen ƙofar ɗakin Musonda. Sun roƙi Allah ya kunyata masu ƙarya. Ba su ce su wa ba, don kowane ɓangare ya ci su ce ai da ma shi suka yi wa. Sun sha shayi, sun cinye vitumbuwa, wato fanken da na soya, har da wanda na ɓoye a bayan tukunya.

Bamayo, mahaifiyarmu, ta kira daga garinmu Kasama. Muryarta ta tsufa a mako guda. Ta ce, "Yana ci kuwa?"

Na ce yana ci, har da rabon wasu.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Ashe tun watan jiya Kangwa ya shirya sanarwoyi a shafin, waɗanda za su riƙa fita da kansu kowace Litinin. Aiki bai biyo haɗin ba, maki bai biyo ba, amma su sun biyo. Yau da safe kowane ɗalibi, na A da na B, ya samu saƙo: duk mai buƙatar ƙarin bayani ya same ni a ofis bayan an tashi. A ƙasa, Mwamba.

Wani shaƙiyyi ya amsa a dandalin aji da fuskar dariya. Kafin in kai ofishin Mwiinga sun zama jeri guda.

Mwiinga ya goge. Ya ce, "Madam, na'ura ba ta san komai ba." Na ce ashe sun yi kama.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da rana

Ruwa. Babu wuta. Ba ruwana.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na sa shafin ya rarraba su rukuni-rukuni don aikin koyar da ɓangarorin lamba. Na'ura ta cakuɗa su son ranta, ta jefa yarinyar cikin rukuni na bakwai. Kafin azahar uku daga cikinsu sun rubuto suna neman canji. Ɗaya ya ce gidansu da nisa. Ɗaya ta ce ba ta jin daɗi. Na ukun, wani Lubasi mai wuyan riga a tsaye, wanda 'yan B suka zaɓa wakilin aji saboda ya fi kowa murya, ya zo har ofis.

"Madam, gaskiya muna tsoro. In mutum ya yi mata magana gobe sai ka ji sunanka a gaban kwamiti."

Yana faɗa yana murmushi, yana jira in taya shi. Yana ganin kyauta ya kawo mini.

Na ce ya fita. Amma na canza musu rukunin, su ukun. Ba ni da lokacin shari'ar yara.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da yamma

Bamayo kuma. Wannan karon kawu Bwembya na gefenta, ina jin numfashinsa a wayar.

Ta ce, "An ce yanzu yarinyar a ajinki take."

Na ce ajin ya cika da yara.

"Chileshe, kada ki yi mini wayon 'yan boko. Ke kika goya shi ina gona. Ke kika kai shi makaranta ranar farko. Allah bai sa ta a hannunki a banza ba."

Na ce ba Allah ba ne, Mwiinga ne.

Kawu ya karɓi wayar ya yi mini huɗuba a kan jini. Mutumin da ko jana'izar babanmu sai da aka gama ya iso.

Talata, 18 ga Fabrairu, da rana

Na tsaya a kanta yau tana aiki a allo. Na ba ta tambayar da na san tana da ƙaho. Allin ya karye sau biyu, ta yi kuskure a layi na uku, ta gani da kanta, ta goge da hannun riga ta gyara. Ba wanda ya tafa. Na ce ta koma ta zauna.

Ba ta da wata baiwa. Matsakaiciya ce ƙwarai. Na so a ce daƙiƙiya ce, ko kuma fitsararriya. Ko ɗaya ba ta yi mini alfarmar zama ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da hantsi

Simukonda. Yau taye mai ɗigo-ɗigo. Ya rufe ƙofa da kansa, ya ba ni shayi da biskit, daga nan na san akwai ƙazanta a gaba.

Ya ce ya kwana yana tunanin matsayina. Bai dace a ce ni ce ke ba wa wannan ɗaliba maki ba, duba da dangantaka. Mutane za su yi magana. Ita ma kanta zai fi mata kwanciyar hankali. Abin da ya fi, in rubuto layi biyu cewa ba zan iya koyar da ita ba, sai a cire ta daga shafin.

Na ce a mayar da ita ina? Sashen B ya mutu.

"Sai ta ɗauki darasin baɗi."

Na ce ba ta zuwa koyarwar gwaji sai da darasin nan. Ba koyarwar gwaji, ba kammalawa.

Ya buɗe hannuwa kamar fasto. "Shekara guda ce, Ba Chileshe. Yarinya ce. Wataƙila ma in ta koma gida ta huta, ta sake tunani a kan wasu abubuwa."

Ya ce kare ta za mu yi. Har sau uku ya faɗi kalmar. Garin biskit ya maƙale masa a gashin baki.

Na ce zan yi tunani.

Alhamis, da yamma

Ban gaya wa kowa zancen ba. Ina shiga gida Kangwa ya rage sautin talabijin ya ce, "Layi biyu ne fa, Yaya."

Ashe suna waya da Simukonda.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da safe

Na yi wanki. Ya fito mini da rigunansa ya ajiye a bakin baho. Na wanke. Tun yana ɗan shekara biyar nake wanke masa riga, hannuna ya riga kaina.

Na buɗe kwamfuta na rubuta, "Zuwa ga Shugaban Sashe." Batir ya mutu.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da rana

Ta zo ofishina.

Ta ƙwanƙwasa duk da ƙofar a buɗe take. Na ce ta shigo. Ta ce nan ma ya isa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a baranda, jakarta a rungume a ƙirji.

"Madam, an ce za ki cire ni."

Na ce wa ya ce.

"Kowa."

Na ce ban san ɗalibi mai suna Kowa ba.

Ta gyara tabarau. Na zaci kuka za ta yi, har na shirya tsakin da zan ja. Ba ta yi ba.

"Madam, ni ban ce a haɗa aji ba. Da na ga sunanki a shafin sai da na yi amai. Amma ban fasa lakca ko ɗaya ba. Rukunina saura mu biyu, mun gama aikin. In faɗuwa zan yi, ki bari in faɗi da hannuna."

Na ce, "Kin gama?"

"Babana ya riga ya gaya wa mutanen garinmu Monze bana zan gama. Bai san komai ba. Ban gaya masa ba."

Na ce ofishina ba wurin tarihin iyali ba ne, kuma ba a tsaya mini a ƙofa kamar mai tallar gyaɗa, ko ta shigo ko ta tafi.

Ta dubi cikin ofishin, ta dubi kujerar da ke gaban teburina, ta dubi sakatar ƙofa. Ta ce, "Yi haƙuri, Madam. Ba na iyawa." Ta tafi.

Tebur iri ɗaya ne a duk ofisoshin barandar nan, har da na Kangwa. Kujera iri ɗaya. Sakata iri ɗaya.

Ban fita cin abinci ba.

Litinin, da magariba

Na tuƙa nshima, tuwon masararmu, na soya ƙananan kifin kapenta da tumatir. Muna ci da fitilar caji. Yana ƙorafin gishiri ya yi yawa.

Ban yi niyyar faɗa ba. Na ce, "Yarinyar ta zo ofishina yau."

Yana murza loma a tafin hannu, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Wacce?"

Ruwa na bugun kwanon rufi. Lomar tana hannunsa.

Ya ce, "Ina nufin, ai ɗalibai suna da yawa. Ina nufin wace yarinya kike nufi. Yaya. Ke ma kin san abin da nake nufi."

Na kwashe kwanuka na wanke.

Talata, 25 ga Fabrairu, da safe

Wacce.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na ce musu ba ni da lafiya. Na zauna a mota a bayan kasuwa har rana ta karkata. Wata mai tumatir ta tambaye ni ko jiran wani nake.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da hantsi

Na je wa Simukonda ba tare da ya kira ba. Ya miƙa hannu zai karɓi takarda. Na ce babu.

"Ba ki gama ba?"

Na ce ban fara ba, kuma ba zan fara ba. In yana son cire ɗaliba ya cire da sunansa, ya sa hannu da wannan kyakkyawan alƙalamin da yake saƙalawa a aljihu don ado.

Ya ce ina sa kaina a tsaka mai wuya. Ya ce shi fa taimakon iyalina yake. Na ce iyalina sun gode, ya taimaki nasa.

Ya ce, "To batun maki fa? Duk abin da kika ba ta za a ce da manufa."

Wannan kam ya yi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Agogon bangonsa ma da ya tsaya tun bara yakan dace wani lokaci.

Na gangara wajen Mwiinga na tambaye shi ko shafin na iya ɓoye sunayen ɗalibai in ana duba aiki, lamba kawai ta fito. Ya washe baki kamar na ce zan ba shi 'yata. Ya yi mini bayanin da ban nema ba har na fara jin yunwa. Na ce ya danna kawai. Ya danna. Kowa ya koma lamba, A da B.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, da rana

Rukuni-rukuni suna gabatar da aiki. Da aka zo na bakwai ta fito ita da wata 'yar A mai suna Namukolo, wadda ita kaɗai ba ta nemi canji ba, ina jin don ba ta iya aika saƙo a shafin ba ne. Sun yanka kwali sun yi da'irori. Tana buɗe baki Lubasi ya ce daga wurin zamansa, da muryar da ya tabbatar ta kai ko'ina, "A yi a hankali, jama'a, kada a kai mu ƙara."

Hagu ta fashe da dariya. Dama ma wasu sun taya.

Na ce ya taso. Ya taso yana gyara wuyan riga. Na ba shi alli na ce ya raba uku bisa huɗu da rabi, ya bayyana wa ɗan aji biyar dalilin da ya sa amsar ta fi abin da aka fara da shi girma. Ya rubuta. Ya goge. Ya ce ai juyawa ake yi a ninka. Na ce na sani, me ya sa? Ya dubi rufi. Na ce ba a can aka rubuta ba, can ruwa ne kawai ke zuba. Na bar shi a tsaye har gumi ya jiƙa wuyan rigar ya kwanta.

Na ce, "Wakilin aji, bakinka ya riga kanka girma. Koma ka zauna a ƙasa, kujerarka mai aiki za ta hau."

Sannan na ce kowa ya tashi. Na ce daga yau ba dama ba hagu, a zauna bisa jerin suna. Suka yi ta jan kujeru suna gunaguni kamar shanu a mashaya.

Kada wani ya ɗauka don ita na yi. Na tsani surutu a ajina, shi ke nan.

Aikin kwalin nasu ma da'irorin ba su yi daidai ba.

Asabar, 1 ga Maris, da safe

Na ninke wa Kangwa rigunansa na sa a jakarsa. Na ajiye a falo.

Ya fito yana miƙa, ya gani. "Mene ne haka?"

Na ce motar Kasama na tashi kafin azahar. In ba ya son Kasama, akwai masauki a bayan tasha.

"Kwamiti zai zauna ranar Laraba, Yaya."

Na ce to masaukin ya fi kusa.

Ya yi dariya tukuna. Da ya ga ban taya ba ya fara ihu. Wai na zaɓi bare. Wai da ma can ina baƙin ciki ya riga ni samun digiri na biyu. Wai kalma guda ce ta kuɓuce masa, a kan kalma guda zan watsar da jinina. Daga nan ya zauna a hannun kujera ya yi kuka, irin kukan da yake yi yana yaro in ya fasa abu, ido ɗaya na duba ko ana kallo.

Ya ce, "Ba ki ma tambaye ni ba. Tun da na zo ba ki tambaye ni ko na yi ba."

Na ce, "To na tambaya."

Ya dubi jakar. Ya ce abubuwan ba yadda mutane ke ɗauka suke ba.

Na buɗe masa ƙofa.

Ya manta silifas ɗinsa a banɗaki. Na jefa a kwandon shara, na dawo na ciro, na sake jefawa.

Lahadi, 2 ga Maris

Ban je coci ba. Su Bana Mapalo su nemi vitumbuwa a wani gidan.

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

Bamayo ta kira. Ba gaisuwa.

"A masauki ɗana yake kwana, 'yar'uwarsa na da ɗaki a rufe."

Na ce eh.

"Me ya yi miki?"

Na ce ni bai yi mini komai ba.

Sannan ta ce, a hankali, ba da muryar faɗa ba, "Kada ki gaya mini. Na tsufa. Kada ki gaya mini, Chileshe."

Na ce ba zan gaya mata ba.

Ta kashe.

Laraba, 5 ga Maris, da rana

Kwamiti ya zauna a ɗakin taro na sama. Ban hau ba. Bana Joyce ta yi sawu ya fi a ƙirga tsakanin can da ofishina, kowane zuwa da uzurin neman abin maƙala takarda.

Ta ce ba yarinya ɗaya ce ta shiga ba. Ta ce wasu biyu sun zo da kansu, ɗaya ma ta gama tun bara, daga Serenje ta taso da jariri a baya. Ta tsaya tana kallon fuskata, tana jiran abin da za ta kai gaba.

Na ce ta rufe mini ƙofa daga waje.

Juma'a, 7 ga Maris, da safe

Na buɗe shafin. Sunan malami ɗaya ne a sama, nawa.

Simukonda ya aiko wa ma'aikata sanarwa cewa sashenmu ya daɗe da tsayawa tsayin daka wajen kare ɗalibai. Har da hotonsa.

Lahadi, 9 ga Maris, da yamma

Na kira Kasama. Wayar ta yi ta ƙara. Yarinyar maƙwabta ta ɗauka ta ce Bamayo na barci. Ina jin tarinta a kusa.

An ce yana can. An ce yana ci.

Na share ɗakin Musonda, na canza zanen gado, na buɗe taga.

Laraba, 12 ga Maris, da rana

Na gama duba gwajin tsakiyar zango, lamba bayan lamba, ban san na wa nake riƙe da shi ba. Yawancinsu abin kunya. Jiya na saki maki, sunaye suka dawo. Hamsin da takwas ta samu. Daidai ita.

Yau ina cin gasasshiyar masara a tebur sai ga ta a baranda, takarda a hannu, fuska a murtuke.

"Madam, tambaya ta huɗu. Kin cire mini maki biyu."

Na ce na cire don ya kamata.

"Kin ce ban nuna hanya ba. Ga hanyar a bayan shafi. Na ma sa kibiya."

Na ce ba aikina ba ne farautar kibiya.

"Amma Namukolo ma a baya ta yi, kin ba ta."

Ka ji marar kunya. Muryarta har ofishin Bana Joyce. Ta tsaya tana yi mini gardama a kan maki biyu kamar mai cinikin kifi, tana buga takardar da yatsa, tabarau na zamewa tana turawa. Na ce ta miƙo. Na duba. Kibiyar na nan, 'yar mitsitsiya, kamar ƙafar sauro.

Na gyara ya koma sittin. Na ce rubutunta kamar kaza ta bi ta kan tawada, in ta sake ɓoye mini aiki a bayan shafi sifili zan ba ta.

Ta ce, "To, Madam." Ko godiya babu. Ta juya tana duba takardar, tana tafe tana lissafi da baki, ko akwai wani makin da na ci mata.

Masarar ta huce. Na cinye abata a haka.